Tsakanin Wuƙar Mahaucin Tarai da Tambarin Italiya

Mai sayar da takalma a Sabon Gari ko Ƙofar Wambai, idan ciniki ya ƙi faɗawa kuma ya ga mai saye na shirin juya baya, yana da magana ɗaya da yake ajiyewa sai ƙarshe. Zai ɗaga takalmin, ya lanƙwasa shi, ya sake shi ya koma yadda yake, sannan ya ce: "Alhaji, ai wannan ɗan Italiya ne." Daga nan sai tayi ya sauya. Haka mai kayan ɗaki yake gaya wa uwar amarya a kan gado da kujeru, haka mai gwal yake faɗa a kan sarƙa, haka mai tayil. A bakin 'yan kasuwarmu sunan wannan ƙasa ya zama siffa, ana nufin abin da ya isa a so shi, a yi masa tanadi, a biya shi da tsada ba tare da an ji an yi wauta ba. Masu sharhi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ciwo. Suna cewa raina kai ne, sauran mulkin mallaka ne, maganinsa kuma wa'azin kishin ƙasa. Ni a ganina mai saye bai yi laifin komai ba. Sha'awar da yake yi wa kaya aiki ne wasu suka yi har suka same ta, kuma idan muna son ta dawo kan namu, wurin farawa shi ne garuruwa irin Tarai a Ƙaramar Hukumar Kibiya, inda ake feɗe akuyar da fatarta za ta iya ƙarewa a cikin wancan takalmin.

Su kansu Italiyawa suna da siffar da suke yi wa irin wannan kaya a harshen kasuwancinsu, wato appetibile. Tushenta ɗaya da kalmarsu ta marmarin abinci, ma'anarta kuma abin da rai ke biyawa. Amma a shafukan tattalin arziki na jaridunsu ba a kan abinci aka fi jin ta ba. Ana yi wa gida mai kyakkyawan mazauni, ko tayin aiki, ko hannun jarin kamfani, ko ɗan ƙwallon da kulob-kulob ke zawarcinsa. Tana da 'yar'uwa, ambito, wadda ake yi wa abin da mutane ke tsere a kansa, kamar kambu ko muƙami. Abin lura game da ta farkon shi ne sau da yawa tana tafe da abu biyu: aikatau mai nufin a mayar da abu ya zama haka, da ambaton wanda ake so ya yi sha'awar. Ɗan kasuwar Milan ba ya tsayawa a kan cewa kayansa na da kyau. Tambayarsa ita ce me zai yi wa kayan, kuma don idon wa. Wannan tambayar ce muka daina yi wa fatarmu, alhali a kanta ribar take.

A bi hanyar da fatar take bi. Akuya a Tarai, ko Durba, ko Fammar, galibi ta mace ce, ita ke ba ta dusa da harawa, ita ke sayar da ita idan biki ko rashin lafiya ya taso. Mahauci ya yanka, ya feɗe, ya ajiye fatar a gefe. Ɗan fata ya zo a kan babur ya tattara, daga ƙananan kasuwanni zuwa Rano, daga Rano zuwa manyan dillalai a Kano, daga nan zuwa masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai. A can ake jeme ta rabi da rabi, a busar, a ɗaure, a ɗora a mota zuwa tashar jirgin ruwa a Legas. Italiya da Sifen ne kan gaba wajen sayen fatar Nijeriya. A Italiya, garin Solofra da ke kusa da Napoli ya shahara da fatun awaki da tumaki, Santa Croce a yankin Toskana da Arzignano a arewa su ma cibiyoyin jima ne, kuma ƙasar ita kaɗai tana fitar da kusan kashi biyu bisa uku na darajar fatar da ake jemewa a Tarayyar Turai. Ba alfarma suke yi mana ba da suke saye. Jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato a nan, ta Maraɗi a Nijar, fatarta na cikin mafi kyau a duniya saboda laushi da ƙarfi da kyawun fuska, shi ya sa tun shekarun 1960 Nijar ta kafa mata cibiyar kiwo ta musamman a Maraɗi. Kuma wannan ba yau aka fara ba. Ɗaruruwan shekaru ayari na ƙetare Sahara da jar fatar ƙasar Hausa, Turawa suna sayenta a gaɓar Arewacin Afirka, suna rufe littattafansu da ita, suna kiranta fatar Maroko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanya ta juya kudu, kamfanonin Turawa suka buɗe kantunan sayen fata a Kano. Hanya ta sauya, abu ɗaya bai sauya ba: sunan da ke kan kayan a ƙarshe na wanda ya ƙarasa aikin ne. Dokar kwastan ta Turai ma haka ta ce, ƙasar da aka yi wa kaya babban aiki na ƙarshe ita ce asalinsa.

To mene ne mai saye yake biya idan ya biya kuɗin ɗan Italiya? Da farko yana biyan ƙarashen aiki, wato rinin da ba ya zuba a safa, ɗinkin da tazararsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gam ɗin da ba ya sakewa ranar da aka taka ruwan damina, da ƙirar da ta san ƙafar mutum ba katako ba ce. Sannan yana biyan tabbaci, cewa lamba 43 ta bana ita ce 43 ta baɗi, kuma na biyun da zai saya ba zai kasa na farko ba. Waɗannan abubuwa ba daga sama suka faɗo wa Italiya ba. Salvatore Ferragamo, wanda sunansa ke kan takalman da manyan attajiran duniya ke sawa, ɗan talakawan ƙauyen Bonito ne a kudancin ƙasar, an haife shi a 1898, ya koyi dukanci yana yaro, ya tafi ci-rani Amurka, ya shiga ajin nazarin ƙirar jikin ɗan Adam don ya gane inda nauyi ke sauka a tafin ƙafa, sannan ya koma Firenze a 1927. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, idan ana maganar ado Faransa ake kallo. Sai a Fabrairun 1951 wani dillali mai suna Giovanni Battista Giorgini ya tara masu ɗinkin ƙasarsa a gidansa a Firenze, ya gayyato masu sayen kaya na manyan kantunan Amurka su zo su gani da idonsu. Daga wannan zama ake ƙirga tashin sunan. A 1994 kuma wasu ƙananan majemu na Toskana, waɗanda ke jima da ɓawon itace maimakon sinadari, suka haɗa ƙungiya, suka yi tambari ɗaya, suka sa wa kowane kaya takardar shaida mai lamba, yadda za a iya bin sawunsa har majemar da ya fito. Wanda ya san majemar Kano zai yi murmushi a nan, domin jima da bagaruwa ita ce dai wannan jimar da suke tallatawa da tsada. In kana da kyau, in ji Bahaushe, ka ƙara da wanka.

Abin da ya sa nake ganin ƙasar Rano, inda Tarai take, ta fi kowa cancantar ta ji wannan magana shi ne ta taɓa riƙe irin wannan suna. A rabon sarautun Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato na shuni da rini. Kudancin Kano cike yake da karofi a ƙarni na 19, kuma har yau rawanin nan baƙi mai sheƙi sunansa ɗan Kura, daga garin Kura. Buzu a Agadas da ya ce ɗan Kura yake so, abin da yake nufi shi ne abin da Alhajin Sabon Gari yake nufi da ɗan Italiya: ya san saƙar, ya san yawan tsomawar da aka yi a baba, ya san bugun da mabuga suka yi masa har ya ɗauki ido, kuma ya san ba zai yi abin kunya a taro ba. Heinrich Barth, wanda mutanen nan suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a Fabrairun 1851, shekara ɗari cif kafin zaman Firenze, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a kan wuri miliyan 300 a shekara, takalma kuma wuri miliyan 10, kayan suna kaiwa Tumbutu da Gat da Tarabulus. Babu sarkin da ya yi shela cewa dole Buzaye su sayi na Kura. Masaƙa da marina da mabuga ne suka riƙe ma'auni, fatoma kuma ya tsaya wa baƙonsa, domin idan aka cuce shi bana, baɗi wani masauki zai nema. Shunin kanti da Jamusawa suka fara sayarwa a 1897, da yadin Ingila mai araha, sun yi wa wannan sana'a illa, ba a musu. Amma tarihin ya isa ya rushe zancen cewa mu mutane ne da ba a taɓa sha'awar kayanmu ba.

Mai cewa raina kai ne zai amsa da cewa ai ko an kawo takalmin gida mai kyau, da zarar an ce na Kano ne sai farashinsa ya faɗi, don haka matsalar a ƙwaƙwalwa take. Akwai gaskiya a rabin maganar, farashin yana faɗuwa. Sai dai a dubi wannan mai sayen a sauran cinikinsa. Hular da ke kansa ta Barno ce, ɗinkin hannu, ya biya ta da tsada yana alfahari. Turaren wutan matarsa daga Maiduguri aka kawo. Idan zai yi tsaraba kilishi yake saye, kuma ya san na wane mahauci yake so. Aikin wuyan rigarsa ba ya yarda a yi masa na inji idan yana da halin na hannu. Mutumin da ya raina kansa ba ya haka. Inda kayan gida suka riƙe amana yana binsu har gida, inda suka saba yi masa gobe-da-nisa yana gudunsu. Idan ya rage wa takalmin gida kuɗi, lissafin kasada yake yi: ya sayi uku a baya, ɗaya ya yi ƙarko, biyu sun buɗe baki kafin Sallah ta zagayo, kuma babu tambarin da zai nuna masa wanne ne wanne. Baduku mai gaskiya shi ke biyan bashin marar gaskiya, tunda sunansu ɗaya a kasuwa, na gida.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi wannan ƙarfi. Mafi yawan abin da ake kira ɗan Italiya a kasuwanninmu bai taɓa ganin Italiya ba. Wani daga Sin yake, wani kuma daga kasuwar Ariaria a Aba, inda masu yin takalma suka daɗe suna buga tambarin waje a kan aikin hannunsu don ya shiga. Idan haka ne, in ji mai suka, ashe suna ne kawai ake saye, ba inganci ba. Har a can Italiyar ma sunan yana da kumfa. A 2024 wata kotu a Milan ta sa wasu rassan kamfanonin Armani da Dior ƙarƙashin kulawarta saboda yadda ƙananan masana'antun da suke ba kwangila ke bautar da ma'aikata, kuma takardun shari'ar sun nuna jakar da aka biya Yuro 53 kuɗin haɗa ta ana sayar da ita Yuro 2,600 a kanti. Duk wannan haka yake, kuma bai kamata mu yi wa wata ƙasa kallon waliyyai ba. Amma ba a yin jabun abin da ba shi da daraja. Kumfar da ke kan sunan tana tsaye ne a kan shekarun da aka yi ana cika alkawari, shi ya sa kotun ƙasar da kanta ta tashi kare shi. Babban mai asara a cinikin jabu kuwa shi ne mutumin Aba da ɗan'uwansa na Kano. Duk takalmi mai kyau da ya yi ya buga masa sunan wani, yabon ya tafi Turai. Duk wanda ya lalace aka gane na gida ne, zagin ya tsaya a nan.

Yanzu a dawo bakin wuƙa, domin a nan ne asarar farko take, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. Mahaucin da ya iya fiɗa, bayan ya yanka akuya, yakan ɗan tsaga fatar ƙafar baya, ya hura iska har dabbar ta kumbura, ya bubbuga ta, sannan ya tsaga, ya riƙa cusa dunƙulen hannunsa tsakanin fata da nama yana ja. Wuƙa kaɗan ce aikinta. Wanda ke sauri kuwa, ko yaron gida da aka miƙa wa wuƙa mai tsini ranar layya, da bakin ƙarfe yake bi, ya bar zane-zane a cikin fatar, wani wurin ya huda ta fit. Daga nan sai a jefar da ita a ƙasa da jini da kitse, a tara wata a kai, a koma kan nama. Cikin 'yan sa'o'i a zafin ƙasar nan ta fara ruɓa, alamar ita ce gashi ya soma zuba idan aka ja shi. Wani kuma ya shimfiɗa ta a rana a kan ƙasa mai zafi, bayanta ya bushe ƙamas, cikinta ya dahu, ba za a gane ba sai ranar da aka jiƙa ta a majema ta narke. Kafin yanka ma akwai tabon da dabbar ta kwaso tana raye: ƙaya, wayar shinge, kaska, ƙazuwa, da lalas ɗin da ake yi da ƙarfe mai zafi da sunan magani. Duk waɗannan suna ɓoye a ƙarƙashin gashi. Sai an cire gashin a Challawa suke fitowa, a nan ne mai tantancewa ke ware lamba ɗaya da ta biyu da ta uku da wadda aka ƙi, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu babba ce. Amma a ƙauye kuɗin goro ake yi. Ɗan fata yana ƙirga guda-guda, ya ɗan duba girma, ya biya. Shi ma bai san abin da za a ƙi masa ba, don haka yana rage kuɗin kowa don ya rufe asararsa. Mahaucin da ya ɓata minti goma yana bi da hannu, ya wanke, ya sa gishiri, ya ajiye a inuwa, abin da zai samu shi ne abin da mai hudawa zai samu. Me zai sa ya ci gaba? Matar da ta kiyaye akuyarta daga ƙazuwa ba ta ganin ko sisi a kan haka. Idan kuɗin fata ya yi ƙasa sosai ma, sai a zaɓi babbaka, a cinye fatar tare da naman, kamar yadda fatar shanu ke tafiya a ganda. Ban ga laifin mai babbaka ba, kasuwa ce ta nuna masa cewa tukunya ta fi majema biya.

Za a ce wannan ƙaramar magana ce, manyan matsalolin su ne wutar lantarki, da jari, da tsadar sinadaran jima da ake sayowa da dala, da ruwan dattin da ke gangarawa kogin Challawa wanda masu saye na Turai suka fara tambaya a kansa. Dukkansu matsaloli ne na gaske, kuma masana'antun jima da dama a Kano sun rufe a kansu. Gwamnati ma ba ta rasa takardu ba. Akwai cibiyar nazarin fata a Samaru, Zariya, tun shekarun 1960. An haramta fitar da ɗanyar fata. An yi shekaru ana ba masu fitar da kaya tallafi, wanda ya ƙarfafa fitar da jemammiyar fata fiye da yin takalmi da ita. A 2021 an ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar fata ta ƙasa a Abuja. Abin da duk waɗannan suka haɗu a kai shi ne daga ƙofar masana'anta suke farawa, su yi sama. Injin da ya fi kowanne tsada ba ya toshe hudar wuƙa, iyakarsa ya kankare fuskar fata ya shafe ta da fenti, ta koma mai araha. Kuma a cikin dukkan matsalolin, ta ƙauyen ce kaɗai ba ta jiran tashar lantarki ko bashin banki. Wuƙa mai zagayayyen baki, gishiri, rumfa, da bambancin farashi, shi ke nan. A zamanin En'e akwai malaman fata da ke zagaya mahauta suna koyar da fiɗa da shanya a inuwa, ba don Bature na ƙaunar mahauta ba, sai don kantunansa na son lamba ɗaya. Wannan aiki ya mutu shiru, babu wanda ya gaje shi.

Masu cewa a hana shigo da takalman waje su huta, an riga an hana. Takalma da jakunkuna sun daɗe a jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, kantuna kuma a cike suke. An gwada haka da atamfa da yadi, bai hana masaƙun Kaduna rufewa ba, Kantin Kwari kuma ya cika da kayan Sin da ke biyowa ta kan iyaka. Doka tana iya ƙara wa kaya tsada, ba ta iya sa a so wani.

Wani kuma zai zo ta fuskar tarbiyya, ya ce bai dace a riƙa kambama sha'awar kayan ƙawa ba a ƙasar da mutane ke neman na masara, wannan ƙofar almubazzaranci ce. Ina girmama wannan damuwa, kuma jakar Yuro 2,600 ba abin koyi ba ce. Sai dai kyautata sana'a daban, kwaɗayi daban. Addinin da ya hana almubazzaranci shi ne ya yi umarni da kyautata aiki har a wajen yanka, ya kuma hana ɓoye aibin kaya. Manomin Tarai da ke sayen takalmin roba sau uku a shekara ya fi kowa buƙatar na fata guda ɗaya da zai kai shi shekara uku. Talaka ne ke biyan kuɗin rashin inganci, a hankali a hankali, ba tare da ya tara ya gani ba.

Abin da nake ganin ya kamata a gwada bai fi ƙarfin ƙasar Rano ba. Masarautar Rano, bisa dokar 2024, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, ƙasa ce da hakimai da dagatai da sarakunan fawa suka san kowace mahauta a cikinta. A ranakun layya ne fata ta fi yawa kuma ta fi lalacewa, domin a ranar kowa mahauci ne. A ranakun ne kuma ake da tsari a ƙasa, tunda ƙungiyoyin addini, musamman Izala, suna tattara fatun layya unguwa-unguwa kowace shekara, da 'yan agaji da wuraren ajiya. Mai tara dubban fatu yana da bakin magana da masana'anta wanda ɗan fata mai babur ba shi da shi. Idan aka raba gishiri kafin Sallah maimakon bayanta, aka yi wa matasa bitar fiɗa a makon da ya gabace ta, aka ware fatun tun a wurin tarawa, aka sayar da su lamba-lamba, kuɗin da zai shiga asusun masallaci da makaranta zai nuna bambancin a shekarar farko, kuma wanda ya gani a layya zai nema a kasuwar mako. Daga nan ne za a iya maganar alama, tambarin da ke cewa wannan ɗaurin daga ƙasar Rano yake, an feɗe da hannu, an sa gishiri a ranar, wanda ya samu huda ya dawo da ita. Dukawa da majeman gargajiya na Kano, waɗanda yanzu ragowar da aka ƙi ce ke isa hannunsu, su ne za su fara cin moriyar wannan, domin ba a yin takalmin da za a yi alfahari da shi da fata lamba uku.

Wuyar abin ita ce wa zai fara biya. Dillalin tsakiya yana cin riba daga duhun da ake ciki, tunda yana saye kuɗin goro ya sayar lamba-lamba, kuma ba zai yi murnar a kunna fitila ba. Masana'anta kuma za ta ce ba ta iya tantance fata da gashinta. Gaskiya ne ba ta iya ganin tabon ƙazuwa, amma hudar wuƙa da zanenta da ruɓa ana ganinsu daga ciki da ido, kuma su ne laifin da hannun mutum ke yi. Masana'antun Challawa da Sharada suna da farashin kowace lamba a ofisoshinsu. Shugaban Ƙaramar Hukumar Kibiya da sarakunan fawa na yankin suna iya neman ko guda ɗaya daga cikinsu ta aiko wakili ranar kasuwa, ya saya a bainar jama'a a kan farashi biyu, na mai huda da na marar huda, na tsawon damina ɗaya da rani ɗaya, sannan a zauna da littafin masana'antar a ga nawa aka ƙi a ɗaurin Kibiya kafin gwajin, nawa kuma bayansa.